Yawon Ƙafa Da Ziyarar Wuraren Tarihi A Fadamar Haɗejiya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi daga Kano a mota ya nufi Haɗejiya, idan aka tambaye shi abin da ya gani a hanya, da wuya ya ambaci wani abu ban da gonaki da yashi da itatuwan goruba. Babu dutse, babu tsauni, babu wani dogon gini na zamanin da wanda zai tsayar da ido. Wannan ne ya sa mutane da yawa, har da wasu malaman makaranta 'yan asalin yankin, suke zaton ƙasar Haɗejiya ba ta da wuraren tarihi da suka isa a kai ɗalibai, sai dai a yi hayar mota a tafi Dutsen Dala ko Gidan Makama a Kano, ko kuma a je ganin zanen jikin duwatsu na Birnin Kudu. Da yake kuɗin hayar mota ba ya samuwa, sai shekara ta zagayo ba a je ko'ina ba.

Wannan zato kuskure ne. Tarihin wannan yanki yana nan kwance a ƙasa, cikin tudu da kwari da kufai da ragowar ganuwa, sai dai mai gudu a mota ba ya ganinsa. Mai tafiya a ƙasa ne kaɗai yake lura da shi. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wa malamai da dattawa masu sha'awar tarihi yadda shimfiɗar ƙasar take, da yadda ta tsara zaman mutanen da, da alamomin da ake gane tsohon mazauni da su, sa'annan ta kawo wuraren da za a iya zagayawa a ƙafa cikin sauƙi, ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba. Akwai kuma dalilin gaggawa, domin ginin ƙasa ba ya jiran kowa, kowace damina tana tafiya da wani ɓangare nasa.

2.0 Shimfiɗar Ƙasa

Masarautar Haɗejiya tana arewa maso gabashin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. Ta ƙunshi ƙananan hukumomi 8, wato Haɗejiya, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Kiri Kasamma da Guri. Kogin Haɗejiya, wanda shi ne jigon rayuwar yankin, ya samu ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Calawa kafin a kai Wudil. Bayan ya wuce garin Haɗejiya sai ya rarrabu gida-gida, wani reshe ya nufi tafkin Nguru, sauran kuma su haɗu da ruwan Kogin Jama'are a wajejen Gashuwa, daga nan a sami Kogin Yobe da ke gangarawa Tafkin Cadi.

Abin da ya sa kogin yake rarrabuwa haka shi ne ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce ƙwarai, gangarenta kaɗan ne, saboda haka ruwa ba ya gudu, sai dai ya malala. A cikin wannan shimfiɗa akwai dogayen tuddan yashi, wato jigayi, waɗanda iska ta tara tun dubban shekaru da suka wuce, a wani zamani na fari mai tsanani. Suna kwance jere da juna daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, kuma a tsakanin kowace jigawa da 'yar'uwarta akwai kwari mai laka wanda ruwa ke kwanciya a ciki da damina. Daga waɗannan jigayi ne jihar ta samo sunanta.

Idan ɗalibi ya fahimci wannan bambanci na tudu da fadama, to ya sami mabuɗin tarihin yankin. Mutanen da suna kafa gari a kan tudu don tsira daga ambaliya, su shuka gero da dawa da wake a jigawa, sa'annan su gangara fadama don shinkafa da su da kiwo da noman rani. Fadamar kuma kariya ce, domin mahayin doki ba ya iya ratsa taɓo. Har ila yau, babu dutse a wannan ƙasa. Duk abin da aka gina da ƙasa aka gina shi, kuma ƙasa yake komawa idan aka daina yaɓe.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Yankin

Kafin jihadi, wannan yanki ya kasu ne zuwa ƙananan masarautu 7, wato Auyo, Garun Gabas, Haɗejiya, Gatarwa, Kazura, Fagi da Dawa. Dukkansu suna ƙarƙashin daular Barno, suna kai gaisuwa ta hannun Galadiman Barno da ke zaune a Nguru. Wannan daɗaɗɗiyar dangantaka ce ta sa har yau ake kiran masu ƙauyuka da yawa a yankin da sarautar Bulama.

Garun Gabas ita ce Biram da ake ambata cikin Hausa Bakwai tare da Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano. Labarin Bayajida ya nuna cewa a nan ne ya bar matarsa, 'yar Sarkin Barno, lokacin da yake gudu zuwa yamma, ta haifi ɗa wanda aka kira Biram. Ita kuwa Auyo, labarin baka yana danganta kafuwarta da ta Shira da Tashena, ana cewa 'yan'uwa uku ne suka kafa su. Auyakawa suna da harshensu na kansu mai dangantaka da harshen Bade, amma ya ɓace, Hausa ta maye gurbinsa. Game da sunan Haɗejiya, abin da aka fi sani a bakin mutane shi ne ya samu daga wani maharbi mai suna Haɗe da matarsa Jiya. Ya kamata malami ya nuna wa ɗalibai cewa waɗannan labaran baka ne da aka gada kaka da kakanni, suna da daraja, amma matsayinsu daban ne da na abin da aka rubuta a lokacin da ya auku.

Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya iso, Fulanin yankin sun sami tuta a ƙarƙashin Umaru wajen shekarar 1805. Ɗan'uwansa Sambo, wanda ya hau a 1808, shi ne ya mayar da Haɗejiya babban birnin da ya haɗe sauran masarautun, ya faɗaɗa garin da ganuwarsa. Ɗansa Buhari, wanda ya fara sarauta a 1848, ya bijire wa umarnin Sakkwato, ya yi ta yaƙi da maƙwabta har ya rasu a yaƙin Gwaram a 1863. A watan Afrilu na 1906 sojojin Turawan Ingila suka afka wa birnin, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka kashe shi tare da jama'arsa masu yawa, shi ya sa ake kiransa Mai Shahada. Bayan haka, a 1930 aka kammala layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda ya bi ta Malam Madori da Birniwa, ya janye cinikin gyaɗa zuwa garuruwan bakin tasha.

4.0 Alamomin Tsohon Mazauni

Kafin a fita da ɗalibai, wajibi ne a koya musu abin da za su nema, in ba haka ba za su taka kufai su wuce ba su sani ba. Alamomin da aka fi samu su ne:

(a) Cincirindon itatuwan kuka ko tsamiya a fili inda babu gida ko ɗaya. Kuka tana bin mutum saboda miya, kuma tana daɗewa bayan mutane sun tashi.

(b) Tsingaro, wato fasassun tukwane da tuluna, warwatse a gona. An fi ganinsu bayan an cire amfanin gona, ko inda zaizayar ruwa ta yanki ƙasa. Kaurinsu da irin zanen da ke jikinsu sukan bambanta da na tukwanen yanzu.

(c) Wani dogon tudu mai lanƙwasa wanda bai bi jerin jigayi ba, da ɗan kwari a bayansa. Sau da yawa wannan ragowar ganuwa ce da gwalalonta.

(d) Kududdufi a tsakiyar daji. Galibi ana haƙa kududdufi ne don ɗiban ƙasar gini, saboda haka inda yake, mai yiwuwa an taɓa yin gari.

(e) Kashin maƙera da ramukan karofi da tsofaffin rijiyoyi da suka rufta.

(f) Dutsen niƙa ko gutsurensa. Tun da ƙasar ba ta da dutse, kowane dutse da aka gani a nan ɗauko shi aka yi daga nesa a kan jaki ko raƙumi, kuma shaida ce ta fatauci.

Mai wannan rubutu ya san wani kufai a yankin, wanda a zamanin da yake firamare ragowar ganuwarsa ta fi tsayin babban mutum, yara suna hawa suna leƙen gonaki. Da ya koma wurin bayan ya yi ritaya, sai ya tarar masu buga tubali sun kwashe ƙasar, garma kuma ta baje abin da ya rage, in ban da kukoki 3 da suke tsaye. Babu wanda ya auna wannan ganuwa, babu wanda ya ɗauki hotonta, kuma dattijon da ya san sunayen ƙofofinta ya riga mu gidan gaskiya.

5.0 Wuraren Da Za A Iya Zagayawa

5.1 Birnin Haɗejiya Da Bakin Kogi

Wannan shi ne zagaye mafi sauƙi, ya dace har da 'yan firamare. A fara daga ƙofar fada, bayan an nemi izini, a saurari bayanin yaƙin 1906 daga bakin waɗanda suka gaji labarin. Daga nan a bi sawun tsohuwar ganuwa. Gine-gine sun cinye mafi yawanta, amma sunayen ƙofofi kamar Ƙofar Arewa da Ƙofar Mandara suna nan a bakin mutane, kuma jerin kududdufai yana nuna inda aka ɗebi ƙasar gininta. A sa ɗalibai su ƙirga takunsu daga wata ƙofa zuwa wata, su zana taswirar birnin da hannunsu. A ƙarasa da gangarawa kudu zuwa bakin kogi, su tsaya kan jingar da aka yi don tare ruwa, su dubi garin daga can, su ga yadda aka ɗora shi a kan tudu.

5.2 Auyo Da Gonakin Rani

Auyo tana kudu maso yammacin Haɗejiya. A nan ne ɗalibi zai ga tsohon zama da sabon aiki gefe da gefe, domin ga gari mai daɗaɗɗen tarihi, ga kuma magudanan ruwa na aikin noman rani na kwarin Haɗejiya. Tafiya a gefen magudanan ba ta da wahala, ƙasa ce a baje. A nemi dattawan gari su nuna inda tsohon gari ya tsaya, a kuma tambaye su sunayen fadamu da tafkuna, a rubuta su yadda aka furta, domin sunan wuri yakan riƙe kalmar tsohon harshe bayan masu harshen sun manta da shi. A nan kuma za a ga alamun ambaliyar 2020 da ta 2022, waɗanda suka rusa gidaje da gonaki masu yawa a yankin, ɗalibai su gane dalilin da ya sa kakanninsu ba sa gini a kwari.

5.3 Garun Gabas Da Tashar Malam Madori

Garun Gabas tana cikin Ƙaramar Hukumar Malam Madori, arewa da Haɗejiya. Yaro da ya haddace sunan Biram a aji zai yi mamaki idan ya ga ƙaramin gari ne a yau, kuma wannan mamaki shi ne darasin. A zagaya bayan gari a nemi alamomin da aka lissafa a sama, a ji labarin kafuwarsa daga masu sarautar garin. Idan da hali, a biya ta tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori a rana guda. Harkar jirgi ta ja baya ƙwarai, amma ɗalibi zai kwatanta garin da ganuwa ta tara wa jama'a da garin da layin dogo ya tara wa jama'a, ya fahimci yadda gari ke tashi da yadda yake kwantawa idan hanyar ciniki ta kauce masa.

5.4 Dausayin Baturiya

Baturiya tana cikin Ƙaramar Hukumar Kiri Kasamma. An sanya dausayinta cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a 2008, kuma a 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a mayar da wurin gandun daji na ƙasa. Da hunturu tsuntsayen ruwa masu ƙaura daga Turai suna sauka a tafkunan, su haɗu da na gida irin su kirinjijiya da ɗinya da zalɓe da balbela. Akwai goruba da giyayya da bagaruwa da kanya, ga bado a kan ruwa, ga masunta da gora da koma suna kamun tarwaɗa da karfasa. Wannan wuri shi ya fi kama da yadda fadamar take a zamanin da. A nuna wa ɗalibai ciyawar kacala, a bayyana musu cewa tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, tsarin zuwan ruwa ya sauya, ambaliyar damina ta ragu a wasu wurare, ruwa kuma ya zama yana kwance duk shekara a wasu, kacala ta sami wurin yaɗuwa ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsun jan-baki mai cinye hatsi. Ba a shiga wannan daji sai da izinin ma'aikatansa da rakiyarsu.

6.0 Lokaci Da Shiri

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. A sa'annan ruwa ya janye, an kawar da amfanin gona, ƙasa ta buɗe, rana kuma ba ta da zafi. Da bazara zafi yakan haura digiri 40, da damina kuwa hanyoyin fadama sukan yanke. Mai wannan rubutu ya taɓa yin gaggawar fita da wasu abokan aikinsa a farkon Oktoba, suka ga saman laka ya bushe suka taka, sai ga su a taɓo har gwiwa, ɗaya ya bar takalminsa a ciki, sai da wani masunci ya tsallakar da su a kwalekwale. Tun daga ranar ba ya shiga fadama sai da ɗan gari a gaba.

A fita bayan sallar asuba da karin kumallo, a dawo kafin azahar. Kilomita 3 zuwa 4 sun ishi 'yan firamare, 'yan sakandare kuwa za su iya yin 6 zuwa 8. Tafiya a yashi ta fi gajiyarwa, saboda haka a riƙa hutawa a inuwa, kuma a daidaita tafiyar da ƙarfin mafi rauni, sannu ba ta hana zuwa. Kowane yaro ya riƙe gorar ruwan sha da hula ko mayafi da takalmi mai rufi saboda ƙaya da ƙarangiya, da littafi da fensir. Malami ɗaya ya kula da yara 10 zuwa 15, wani a gaba wani a baya, a ƙirga su wajen tashi da wajen dawowa. A hana yara shiga ruwan kwance, domin a nan ake ɗaukar cutar tsargiya, a kuma hana su zura hannu cikin rami ko kogon itace saboda maciji da kunama. Bugu da ƙari, a wasu sassan fadamar akan sami saɓani tsakanin manoma da makiyaya a lokacin kaka, don haka a binciki halin da ake ciki wurin hakimi ko bulama kafin a sa rana, a kuma sami yardar iyaye da ta hukumar makaranta.

7.0 Ladubban Ziyara

Kufai yana da mai shi, ko da gona ce a yau. Shugaban tafiya ya je wurin bulama tun kafin ranar, da ɗan goronsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, yara ne muke so mu kawo su ga kufan kakanninsu, ko za a haɗa mu da dattijon da ya san wurin?" Yara su durƙusa su gai da dattijon, su kira shi Baba, kada su katse shi, ko da abin da ya faɗa ya saɓa wa na littafi. A rubuta nasa daban, a koma aji a kwatanta. Idan za a ɗauki muryarsa ko hotonsa da waya, a nemi yardarsa. A maƙabarta a yi sallama da addu'a, kada a taka kabari.

Kada a haƙa, kada a ɗauke komai. Tsingaro da aka raba da wurinsa ya rasa rabin bayaninsa. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana tonon kayan tarihi ba da izini ba, ta kuma hana cinikinsu. Idan aka ga wani abu mai muhimmanci, a ɗauki hotonsa a inda yake, a auna shi, a sanar da mai gari da hukumar tarihi ta jiha.

8.0 Kammalawa

An ga yadda tudu da fadama suka tsara zaman mutane a ƙasar Haɗejiya, da yadda rashin dutse ya sa abubuwan tarihinta suke saurin shafewa. Ba za a iya hana ruwa cin ganuwar ƙasa ba, amma ana iya auna ta, a zana ta, a rubuta sunanta da labarinta tun masu labarin suna raye. Wannan aiki bai fi ƙarfin kowace makaranta ba. Idan kowane malamin tarihi ko na nazarin zamantakewa ya fita da ajinsa sau ɗaya a zangon hunturu zuwa kufai mafi kusa da makarantarsa, ya ajiye kwafin rahoton a makaranta, ya aika wani ga hukumar tarihi ta jiha, cikin 'yan shekaru za a tara abin da masu bincike daga nesa ba za su iya tarawa ba. Dattawa kuma muna roƙonsu da su ba yaran nan lokacinsu, su raka su, su nuna musu da sanda inda ƙofa take da inda kasuwa ta ci. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Allah ya sa mu dace.